Bisimillar da na sa a moton Sule

Masu saurare, ku canka mini: mene ne kai ka saye shi, kai kake wanke shi, yana manne da kayanka, amma ba naka ba ne?

Mai gabatarwa, ɗana, sannu da aiki. Kaka Hadiza ce daga Tawa.

Jikana Sule, angon nan nawa da bai taɓa kawo cefane ba, yana kabu-kabu da moto, wato babur, zuwa Kalfu, da gudu kamar an biyo shi. Tsoro ya sa na kira mai fenti ya rubuta Bisimilla a kan plak, farantin lambar moton, har ta rufe lamba guda. Jandarmomi sunka tsare shi, anka riƙe moto, abincin gidanmu ke nan.

Na ja sandata har ofishinsu. Na ce, "Ɗana, sunan Allah kunka kama?"

Babbansu ya ce, "Inna, ni ma da alwalata. Amma plak ta gwamnati ce, gwamnati kuwa ta mai masallaci ce da mai coci. Ga tanki nan, cika shi da rubutu."

Sule ya kankare rubutun, ni ina tare garin fentin da gyalena, don sunan Allah ba ya zuba ƙasa. Anka ba shi moto, ya bar ni da ƙullin garin fenti da ciwon gwiwa. Na gaji. Malamai, ina zan kai wannan ƙulli?

Ina gaida Tabawa ta Bambeye.

Amsar kuwa, plak ɗin moto ce.