Hoton da Babu Inna

A layin shiga motar 'yan yawon buɗe ido, wata mata ta tare mutumin da ya ɗauki iyalinta hoto a gaban hasumiya.

"Malam, wane irin wulaƙanci ne wannan? Na ba ka wayata ka ɗauke mu duka, ka yanke mini uwa! Ga mota za ta tashi, gobe za mu koma ƙasarmu!"

"Hajiya, daina yi mini ihu. Wace ce uwar?"

"Tsohuwar da ke gefe mana! Makaho ne kai?"

"Mai goyon jaririnki da jakunkuna? Na ɗauka 'yar aiki ce."

"Innar tawa?"

"Ai sai da na ce ta matso. Ke da bakinki kika ce ta tsaya wurin kaya."