Akwatin Jitar Lawwali

A tashar Gusau, cikin motar Tsafe da ba ta cika ba, Arzika ya rungume wani ɗan akwatin ƙarfe mai ƙauri. Dattijon da ke gefensa ya kasa haƙuri.

"Samari, rediyo ce ta ƙone?"

"A'a, Baba, akwatin jita ne, kayan kiɗa. Da ƙafa ake taka shi, ya sauya wa kiɗa murya."

"Me ya same shi?"

"Biki muka je Nahuce, babu wuta, na haɗa shi da batirin babur. Shi bolt tara yake ci, batirin kuwa sha biyu. Ban ko taɓa tsirkiya ba, sai hayaƙi."

"To, ka sayi wani mana. Abin ɓata rai ne?"

Arzika ya shafa gefen da ya yi baƙi.

"Yana riƙe abin da aka kaɗa, Baba. Kiɗan marigayi yayana Lawwali na ƙarshe yana ciki. Ya sha gaya mini kada in ba shi wutar da ba tasa ba."

Dattijon ya matsa gefe.

"Allah ya jiƙansa. Ajiye shi nan tsakaninmu, hanyar akwai gargada."