Tukunyar da Ban Kai Kasuwa Ba

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya bar ni da rai har na ga ranar da zan tona asirin kaina da bakina. Fasto ya ce in rubuta, kada in yi da ka, wai in na fara magana sai tuwon zumuntar mata ya huce. To na rubuta. Aji huɗu na yi a firamare, wanda ya ga kuskure ya kai ƙara wurin hedimastanmu, yana nan kwance a maƙabartar Gaya.

Ga baƙi, ni ne Yohanna mai zubin tukwane, na nan wajen Balan. Na tsufa ina narka tsohon alminiyam ina zuba tukwane, duk ranar kasuwar Ajingi ina can. Alfaharina ɗaya ne: ban taɓa sayar wa mutum tukunya mai huji ba. In zubi ya fito da ɓula, sai in fasa tsohon batirin mota a tsakar gida, in narka dalmar da ke ciki, in liƙe, in miƙa wa matata Saratu. Ta kirki ta tafi kasuwa, mai liƙi ta zauna a gida. Ni a wurina wannan shi ne tsoron Allah.

Akwai wata 'yar ƙarama mai liƙi uku a gindi. A cikinta ake dama wa yara kunun tsamiya.

Ɗana Bulus ya auro Rifkatu daga Gafasa. Ɗansu na fari takwarana ne. Yana fara gudu, ciwon ciki ya kama shi, sai amai, sai jijjiga, ido ya kafe. Muka binne shi. Ƙaninsa ya zo, ya kai daidai wannan girman, ya bi shi ta hanya ɗaya.

'Yan'uwa, ga zunubina. Na ce ai gidanmu ba a taɓa irin wannan mutuwa ba, daga Gafasa aka kawo mana ita. Ban faɗi kalmar a fili ba, amma kowa ya san abin da nake nufi. Na daina cin girkin Rifkatu. In ta durƙusa ta ce, "Baba, ina kwana," sai in amsa wa bango. Ni da nake zama a bencin dattawa.

A lokacin nan, rana tsaka ina aiki, sai in ji kamar takwarana ya tsuguna a bayana yana wasa da ƙasar nan mai toka-toka ta wurin fasa batir, inda ya saba zama. Har ƙarar cokalinsa nake ji. In juya, ba kowa. Na ce wannan ma aikin uwarsa ne.

Jikata ta uku ita ce Ladi, amaryata, wadda take cewa na yi mata tsufa, sai dai in nemi kakarta. Ran nan ita ma ta riƙe ciki, ta ƙi kunu.

Lahadin nan, bayan an tashi sujada kowa ya watse, na zauna ni kaɗai a majami'a. Na ce, "Ubangiji, ka nuna mini mai cinye mini jikoki. Nuna mini kawai, sauran aikin ka bar mini." Ku duba irin wannan addu'a. Sunan yana aljihuna, hannu kawai nake so Allah ya sa.

Washegari Rifkatu ta goya yarinyar ta hau mota zuwa asibiti a Kano, ba ta nemi izinin kowa ba. Aka ɗebi jini, aka ce gubar dalma ce. Bayan 'yan kwanaki ta dawo tare da ma'aikatan lafiya. Babbarsu wata Malama Hadiza ce, ta fito da wata na'ura daga akwati, kamar ƙaramar bindiga mai gilashin waya a ƙeya. Wai sunanta XRF. Haruffa uku kacal, amma sun fi ƙarfin aji huɗu.

Na ce, "Malama, wa za a harba?"

Ta ce, "Baba, ka san hoton ƙashi na asibiti? Irin haskensa take aikawa. In ya daki abu, kowane ƙarfe da ke ciki sai ya mayar da nasa hasken. Na dalma daban, na tagulla daban. Ita kuma ta karanta. Ba sai an fasa komai ba."

Na ce, "Wato kiran suna ne irin na makaranta, kowa ya amsa nasa."

"Kamar haka."

"To ɗan ɗora wa surukata mu ji."

Cikin raha na faɗa, amma ba raha ba ce. Ba wanda ya yi dariya. Malamar ta dube ni ta ce, "Ba a nuna ta ga mutum, Baba. Kayan gida muka zo tambaya."

Ta ɗora a bango, ta ɗora a randa, ta ɗora a turmi. Ta wuce. Ta ɗora a tukunyar kasuwa, ta ce akwai ɗan kaɗan, tsohon ƙarfe ba ya rasawa. Sai Saratu ta miƙo 'yar ƙaramar. Malamar ta kifa ta, ta ɗora a kan liƙin, ta jira. Ta duba gilashin. Ta sake ɗorawa. Ta je ta tsuguna inda nake fasa batir, ta ɗora a ƙasa, ta daɗe ba ta ɗago ba.

Ta ce, "Wa ke sha a wannan tukunyar?"

Rifkatu ta ce, "Yara."

"Su nawa?"

"Uku ne. Saura ɗaya."

Malamar ta ce tsami yana jawo dalma cikin kunu, ƙurar ƙasar kuma yaro yana kai ta baki. Ta tambayi wanda ya yi liƙin. Duk gidan aka sunkuyar da kai, don a rufa mini asiri. Na ce, "Ni ne."

Na roƙi Ubangiji ya nuna mini, ya kuwa nuna mini. Bai aiko mala'ika ba. Ya aiko baiwar Allah Musulma da na'ura a hannu, har tsakar gidana.

Aka kankare ƙasar tsakar gidan aka zuba sabuwa, aka tafi da tukwanen. Ladi ta yi makonni a asibiti tana shan maganin da ke fitar da gubar.

Saura aiki mai wuya. Na je ƙofar ɗakin Rifkatu na durƙusa, tsoho da gemu a gaban matar ɗansa. Ta ce, "Tashi, Baba, kada mutane su gani. Ni ma da hannuna na dama musu."

Ba ta ce ta manta ba, ni ma ban roƙi haka ba. Amma da yamma ta aiko mini tuwo, na ci.

Ladi ga ta can kusa da uwarta, tana hararata. Maganarta tana da ɗan nauyi, likita ya ce sai an sa ido a kan karatunta. Tana da rai. Yabo ga Ubangiji!

Na gode wa Yesu da ya fisge yarinyar nan, ya kuma cece ni daga mutuwa da ƙazafi a bakina. Ku dogara gare shi. Yana amsa addu'a, ko da ba amsar da ka shirya ba ce, kuma yana riƙe mutum ya iya ɗaukarta.

Roƙo ɗaya ya rage. Mata da yawa a nan na yi musu liƙi kyauta, don zumunci. Na tuna tukwanen, gidajen ne ban tuna duka ba. Wadda take da ita, don Allah kada ta ɗora ta a wuta yau. Ta kawo mini, ta kuma kai yaranta a duba jininsu. Zan zauna a bakin ƙofa har kowa ya wuce.

Cikin sunan Yesu. Amin.