Baba Ya Ce Sai Ya Ga Ka'aba

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barkanka da aiki. Ni ce Hauwa'u daga Mabai, ƙasar Ƙanƙara.

Mahaifina ya samu kujerar Makka bana. Tun daga ranar, kullum da la'asar sai ya shimfiɗa buzu gindin ɗorawa ya zuba wa sama ido. In jirgi ya gifta ya bar farin zare, sai ya yi murmushi ya ce, "Hauwa, ko za a hango gonata daga can?"

To amma Baba yana ganin jini in ya zaga, ga shi yana ta ramewa. Shi dai ya ce basir ne. Malamin asibiti ya ba mu 'yar kwalba a kai bayan gida a auna, ya ce wani lokaci haka ciwon dajin hanji ke farawa.

Na durƙusa na roƙe shi. Ya ce, "Ɗiyata, in suka gano wani abu za su hana ni tafiya. Bari in ga Ka'aba tukuna."

Jama'a, ku ba ni shawara. Baba, na san kana saurare. Ina so ka je, ina kuma so ka dawo.