Na Sayar da Zabbi, Kaska Ta Gaje Gida

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Daga Tozai nike rubutowa.

Zabbin uwar yarana sun hana ni barcin rana, sai na kai su kasuwar Isa, ina yabon wayona. Ashe su ke tsince kaskar tumakina. Yanzu kaska har tabarmar yara. Na fizge wata a bayan kunnen ɗiyata Hassi, kan kaskar ya tsaya ciki, wurin ya kumbura. Na zuba toka cikin gida, na yi shara, duk a banza.

Don Allah masu sauraro, mi za ni yi ma kunnen yarinyar ga? Uwarta kuwa ta ce, "Malam mai wayo, ko ka maido mini zabbina, ko ka duƙa ka yi aikinsu da bakinka."