Kujerar Direba

A rumfar mai walda ta bakin tashar Madawa, wani mai farar riga ya tsaya kan tsohon da ke liƙe ƙafar amalanke.

"Baba, kujerar mota nika so ka liƙe mini wuri guda."

"Karyewa ta yi?"

"Lahiya lau take. Tsohuwar motar tsere ce ta Turawa, mai kujera biyu, marar rufi. Shekara ukku tana bisa duwatsu cikin garajin gidana, ina gyaranta da hannuna. Amma duk safiyar da na buɗe, sai in iske kujerar direba ta ja baya har ƙarshe."

"Yara ne, malam."

"Ni kaɗai ke da makulli. Jiya har madubi na iske an ɗaga."

Tsohon ya kashe wutar walda.

"Ja ce? Wajen Keita ka sawo ta?"

"Ibohamane, nan kusa da Keita. Wa ya gaya maka?"

"Barmo, direban Baturen da ke da ita, dogo ne ƙwarai, haka yake zama in zai tuƙa. Ni na yanke ƙarfen ƙofarta ranar da aka fiddo gawar Barmo daga cikinta a gangaren dutse."

"To zo ka liƙe kujerar mu huta."

"Ban zuwa. Bar mashi wurinshi. Abu guda dai, kada ka sa mata taya."

Mai farar riga ya waiga wajen hanyar gidanshi.

"Yau da safe na ɗaura mata taya ta huɗun."

"Ka dai kulle garajin?"

"A buɗe na baro shi, don fenti ya sha iska."