Kamun Diddige

A ɗakin jiran likitan ƙashi, wata dattijuwa ta dubi saurayi mai sanduna.

"Sannu, ɗana. Babur ne?"

"Kokawa ce, Mama, irin ta ƙasa. Ana maƙale diddigen mutum a hammata a murɗa. Da ya ji an kama sai ya bubbuga tabarma, a sake shi."

"To me ya hana ka bubbugawa?"

"Jira nake in ji zafi. Ashe wannan kamun ba ya zafi sai jijiyar gwiwa ta tsinke."

"Allah ya isa! Wane mara imani ne?"

"Kar ki yi masa baki, Mama, ƙanena ne. Ni na koya masa kamun. Yadda ake sakin kamun kuwa, na ce sai wani mako zan koya masa."